Tukunyar da aka tono a gonar Anselmo

A ƙauyenmu da ke bayan garin Muna, idan aka ce mai zanen dodanni, kowa ya san Don Hilario Dzul ake nufi. Surukarsa ce ta raɗa masa sunan, tun ranar da ta fara leƙa rumfarsa ta ga wani mai dogon hanci da haƙoran maciji a jikin tukunya. Ta yi alamar gicciye, ta fita da baya, ba ta sake shiga ba har ta rasu.

Ubansa manomin masara ne, amma Hilario da fartanya ba su taɓa shiri ba. Yana saurayi aka kai shi Muna wurin wani magini da ke yin tukwane irin na mutanen da, ana sayar wa baƙin da ke zuwa kallon kufan Uxmal. Maigidan ya ajiye masa hotunan tsofaffin tukwane ya ce ya kwaikwaya. Hannunsa ya kama nan da nan. Ya san Chaak, abin bautar mutanen da mai ba da ruwan sama, da dogon hancinsa da gatarinsa. Ya san saurayin masara mai kai kamar zangarniya, da tsohon nan marar haƙori mai busa taba. Ya san daga inda ake fara kowannensu da inda ake ɗage buroshi. Abin da suke so da abin da ba sa so, wannan ba wanda ya koya masa, shi ma bai tambaya ba. Ranar Lahadi yana coci, ranar roƙon ruwa yana bakin gona da nasa ƙullin masara kamar kowa.

Da ya auri Leonarda suka dawo ƙauye. Ita ke gina tukwanen, shi ke zane. Da wannan suka rene 'ya'ya har suka watse zuwa Kankun aikin otal. Baƙi ba sa son tukunya mai sheƙi, ko da sun san jiya aka gasa ta, don haka Hilario yakan binne nasa a gefen gona su sha damina guda, su fito da tabon ƙasa da sawun jijiya. Wata shekara guguwa ta zo ta kwantar da itatuwan da yake alama da su. Ya yi ta tono, ya sami wasu, wasu suka ɓata masa. Bayan haka aka sake rabon gonaki, wancan gefen ya faɗa hannun Anselmo Mukul, wanda ya riƙe masa ɗan farinsa ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kumpare. A wannan gefen ne kuma tudun kakanni yake, inda duk wanda ya sari ƙasa sai ya ci karo da katangar tsohuwar tukunya.

Shekarar da nake ba da labari ruwa ya yi jinkiri. An yi shuka a kan yayyafin farko, sai sama ta ɗauke. Masara ta fito ta nannaɗe ganye. Dattawa suka sa ranar roƙon ruwa, aka aika wa Tata Liborio, wato Baba Liborio, wanda ke jagorantar roƙon tun kafin a haifi yawancinmu.

Ana cikin shiri Anselmo ya je haƙa ramin da za a gasa wainar masara da talo-talo. Digarsa ta gogi wani abu. Ya sa hannu ya fito da tukunya doguwa marar wuya, lafiya lau sai ɗan ɓalli a baki. A jikinta Chaak ne zaune, ya ɗaga gatari.

Kafin rana ta yi tsaka labari ya gama ƙauye. Mai ruwa ya fito da kansa, a ramin roƙonsa, a shekarar fari. Mata suka fara kai kunun masara ƙofar Anselmo. Amma Tata Liborio da ya zo ya duba, bai taɓa ta ba. Ya ce a kira Hilario.

Hilario ya iso da jar ƙasa a yatsunsa. Ya ga tukunyar bisa kujera, an shimfiɗa mata farin ƙyalle, sai ya tsaya daga nesa.

"Kumpare, matso mana," in ji Anselmo. "Mutumin naka ne, ko kunya kake ji? Kai da kuke wuni tare kullum."

Tata Liborio bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, na ji ka taɓa binne kayanka a nan. In ta kakanni ce, bisa teburin roƙo za ta hau, a tsakiya. In taka ce ta sayarwa, ba zan ɗora wa masu ruwa kayan kasuwa a gabansu ba, sai su ce wasa muke da su. In kuma ta kakannin ce muka ture ta gefe, ka san abin da muka yi. Ka duba ka faɗa mini kafin jibi."

Hilario ya ɗauke ta. Nauyinta kamar na tukwanensa, amma yumɓun duk daga kogo ɗaya ake ɗebowa, tun zamanin da ba wanda ya sani. Ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kasa kunne. Ya shinshina cikinta, ƙasa ce kawai. Ya lashi yatsa ya goga a gindinta, ya kai bakinsa, har Anselmo ya ce, "In yunwa ce, kumpare, akwai wake a gida."

Sai ya tsaya kan zanen. Hancin nan, yadda ya lanƙwasa ya dawo, hannunsa ne sak. Amma ai daga na kakanni ya koyi lanƙwasa shi. A ƙarƙashin ƙafar Chaak akwai ɗan kwaɗo ya buɗe baki, shi kuwa bai tuna ya taɓa zana kwaɗo ba. Ko ya zana? Akwai shekarun da yake ƙara ɗan tsuntsu ko ɗan kifi inda wuri ya yi saura, don kada tukunya ta yi fili. Ya ƙirga yatsun hannun da ke riƙe da gatari, suka fi na mutum da ɗaya. Ya tuna akwai wani lokaci da yake shan barasa fiye da kima, yana irin wannan kuskure Leonarda na faɗa. Sai kuma ya tuna maigidansa na Muna ya taɓa nuna masa cewa mutanen da ma sukan yi hakan da gangan.

Ya roƙi a bar shi ya kai wa matarsa ta gani. Anselmo ya biyo shi a baya, riƙe da ƙyallen, kamar mai rakiyar gawa.

Leonarda na tsugune tana daɓe wainar masara a tafin hannu. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta juya ta sau biyu.

"Sa hannu a ciki ki ji," in ji Hilario. "Ke kika san yadda kike shafe ɗinkin yumɓunki."

Ta gwada. Hannun ya tsaya a gindin yatsu, ya ƙi shiga.

"To ka gani, tsoho. Hannun da na gina tukwanen wancan lokaci ba shi ne wannan ba. Wannan ya kumbura da wankin kayanka."

"Amma da ido fa?"

"Da ido, mai ginin ta iya. In ni ce, na gode. In wata ce can a zamanin da, Allah ya ji ƙanta, ita ma da alama ta auri wanda bai iya ƙirga yatsu ba."

Anselmo ya yi dariya har da tari. Hilario bai yi ba.

Washegari bai taɓa buroshi ba. Ya je gonar ya tsaya bakin ramin, yana neman inda tsohuwar bishiyar alamarsa take a da. Nan ce, ko can gaba kusa da duwatsu? Kowace kusurwa ya tsaya sai ta yi masa kama da ita. Ya ɗebo katangar tsofaffin tukwane daga gindin tudu ya jera kusa da fasassun nasa a rumfa. Da farko yana bambance su, da ya daɗe yana kallo sai suka cakuɗe masa, har ya rasa wanne ya ɗebo daga ina. Abin da ya fi damunsa wani ne daban. Shekara da shekaru yana zana Chaak yana miƙa wa baƙi su tafi da shi ƙasashensu su ajiye fure a ciki, bai taɓa jin komai ba. Yanzu ga shi an shimfiɗa wa irin wannan zanen farin ƙyalle, shi kansa ya ji ba ya iya juya masa baya. Ya rasa ko da can ne yake cikin kuskure, ko yanzu.

Ranar roƙo maza suka taru a gona da safe. An kafa tebur na itace, an lanƙwaso rassa daga kusurwoyinsa huɗu, an jera ƙoƙunan kunu. Tata Liborio ya juyo.

"To, ɗana?"

Hilario ya cire hula. Da ya ce ta kakanni ce, da kowa ya ji daɗi, ya ga haka a fuskokinsu. Da ya ce tasa ce, da an yi dariya an wuce.

"Chaak ne a jiki, Tata. Wannan na tabbata. Wanda ya zana shi ne ban sani ba."

"Ba ka san hannunka ba?" in ji wani daga baya.

"Na san shi. Shi ne ya yi kama da na kakanni."

"Kai, kumpare," in ji Anselmo a hankali, "mutum ya rasa gane ɗansa a cikin 'ya'yan maƙwabta?"

Tata Liborio ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya kalli sama, wadda ba ko gajimare. Shi ma bai taɓa cin karo da irin wannan ba, aka ga haka a yadda yake murza gemu. Daga ƙarshe ya ce ba za ta hau tebur ba, ba kuma za a kai ta gida ba. A ajiye ta ƙarƙashin tebur, a zuba mata kunu rabi. Hilario kuma ya kawo talo-talo guda daga gidansa: in tasa ce, na ban haƙuri ne ga masu ruwa, in ta kakanni ce, na lasar ta da ya yi ne.

Aka yi roƙo. Da aka gama, aka mayar da tukunyar ramin da ta fito, Hilario da kansa ya tura ƙasa.

Ruwa ya zo bayan 'yan kwanaki, amma a rarrabe. Ya jiƙa gonakin gabas sharkaf, ya tsallake na yamma, gonar Anselmo kuwa ya raba ta biyu. Masu gonar gabas suka ce ta kakanni ce, ta karɓi rabin kunun. Masu gonar yamma suka ce ai dama kayan Hilario ne. Anselmo ya ce shi bai da ta cewa.

Tun daga shekarar mutane suka daina kawo wa Hilario katangar tukunya su tambaye shi ko wane ne a jiki, abin da a da yake jin daɗinsa ƙwarai. Yana nan yana zane, ido ya fara rauni amma hannu bai girgiza ba. Saurayin masara yake yi, da tsohon mai taba, da barewa da birai. Chaak ya bari. Leonarda takan yi mita cewa mai dogon hancin ne baƙi suka fi saye, kuma har yau ba a biya ta talo-talonta ba. Shi dai sai ya ce to, ya tsoma buroshi a jar ƙasa, ya ci gaba da kunnen barewa.