Kunnen Makanike

Na yi gyaran mota a Garwa da Injamena da Kumasi kafin ƙarfi ya ja baya na dawo gida Bauchi. Kowane gari da yadda yake neman ciwon inji. A Kumasi warware shi ake yi a shimfiɗa a kan buhu. A Injamena, inda kayan gyara ke wuya, sai an gaji da yi wa direba tambayoyi kafin a ɗauki sifana. Amma ban taɓa ganin mai saurare kamar wani sa'ana ba, Kirista daga kudancin jihar nan, mai gareji a bayan Ƙofar Ran.

Ƙa'idarsa mota ta kwana a wurinsa. Yakan ce inji mai sanyi ba ya ɓoye komai, in ya ɗumama kuwa, baƙin mai ya zagaya ya rufe ƙarar. Da safe zai tayar da ita, ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, yana matsawa kaɗan-kaɗan har ya tsaya a inda matsalar take.

Da tsufa ya zo, ta kunne ya kama shi. Na lura yana kallon bakin mutum in ana magana. Ban ce komai ba, domin na san in kunnen ya tafi, garejin ma ya tafi.

Wata safiya ina zaune a kan bencinsa, yana duba motar wata ma'aikaciyar jinya daga Gwallameji, wadda za ta hau hanyar Jos da 'ya'yanta. Ya daɗe a sunkuye. Ya sauya kunne, ya sake sunkuyawa. Can ya miƙo mini sukudireban.

"Alhaji, zo ka rage zaman banza."

Na saurara. Can ƙasa akwai ƙwanƙwasa, siririya, tana bin juyawar inji.

"Yaya take?" in ji shi.

Na kama tafin hannunsa na buga masa ita da yatsa, daidai yadda nake jin ta. Ya sa na ƙara wuta, na sake buga masa. Ya rufe ido, sannan ya faɗi abin da ya cinye a ciki, wanda ni da kaina ban kai ga ganewa ba.

Ya juya ga matar. "'Yata, motar nan ba za ta hau tudun Jos ba sai an buɗe ta. Kuma ki sani, ba ni na ji ba. Kunnena ya mutu. In kina so ki kai wa wani, ba zan ji haushi ba."

Ta dubi hannunsa da ke cikin nawa.

"Baba, ku buɗe ta," ta ce.

Bayan ta tafi ya zauna kusa da ni, ya daɗe yana goge yatsunsa da tsumma.

"Gobe ka zo da wuri," ya ce, "kafin rana ta taɓa inji."