Sale, Wanda Ya Ƙi a Yi Ƙuli-ƙuli da Shi

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Sale wayarsa don ya nuna masa bidiyo ya san abin da ke biyo baya. Ba zai kalla nan take ba. Sai ya nisanta wayar daga fuskarsa, ya ƙanƙance ido ɗaya, ya ja ɗan tsaki, sannan ya ce, "Ina uwar wannan?" A wurin Sale kowane bidiyo yana da uwa, wato asalin abin da kyamara ta ɗauka kafin a rage shi. Wanda aka rage aka zuba a waya, 'ya ce. Wanda aka tura wa wani, jika. Wanda kuwa ya zaga gari ya dawo, tattaɓa-kunne ne, kuma ko gaisawa da shi ba ya yi.

Ni Rabi, taubashiyarsa ce. Mahaifiyarsa, Gwaggo Hansai ta Ajingi, yayar babana ce, don haka babu abin da ban faɗa wa Sale ba a duniya, shi ma bai raga min ba. Ku da kuka san shagonsa a bakin kasuwar Gaya kun san rabin bukukuwan garin nan shi ya ɗauka, da saukar karatu, da suna, da taron siyasa. Amma da ya rasu a daminar bara, sai muka duba muka ga mai ɗaukar kowa bai bar wa kowa hotonsa mai motsi ba. Bayan sadakar arba'in Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce, "Rabi, yaron nan ya cika min ɗaki da hotunan mutanen da ban sani ba. Ashe babu inda zan gan shi ko sau ɗaya?" Na kawo mata hotonsa na katin zaɓe, ta duba ta mayar min, ta ce wannan dai wani ne da aka kama a gonar mutane, ba ɗanta ba. Na yi mata alkawarin zan nemo, alhali ban san ta inda zan fara ba.

Laifin kuwa nasa ne. Da zarar ka ɗaga waya za ka ɗauke shi, sai ya cire hula ya rufe fuska.

"Ba za a yi ƙuli-ƙuli da ni ba," in ji shi.

"To a ɗauke ka da kyamararka mana," na ce masa wata rana.

"Wa zai riƙe? Ke? Da wannan hannun naki mai rawa kamar na mai tankaɗe?"

Maganar ƙuli-ƙulin nan ita ce karatun da ya yi wa duk wanda ya zauna a bencin shagonsa. Ya ce kowane bidiyo akwai irin naɗin da ake yi masa kafin a ajiye shi, sunan naɗin kodek. Na waya, wanda ya ce sunansa H.264, matsa ce irin ta mata masu mai: a tatse gyaɗa, a kwashe man, a ba ka abin da ya rage. Yana da daɗi, ba nauyi, yana shiga aljihu, amma ba mai iya mayar masa da mansa. Wanda shi yake aiki da shi kuwa, ProRes, gyaɗa ce da manta. Kowane hoto a cikinsa da ƙafarsa yake tsaye, ba ya aron komai wurin maƙwabcinsa, shi ya sa za ka yanka inda kake so, ka gyara launi, ka ƙara haske, bai ɓata ba. Tsofaffin kaset ɗin da ya ɗauka tun zamanin bidiyon kan kafaɗa kuma ya juye su cikin wani wai shi FFV1, wanda ya ce ko ƙwaya ba ya zubarwa. Na ce masa sunayen nan duk kamar lambar mota. Ya ce ai shi ya sa bai taɓa ba ni tuƙi ba.

Na taɓa kai masa bidiyon walimar da muka yi a makarantar da nake koyarwa. Wata ce ta ɗauka da waya, ta tura wa wata, ita kuma ta tura a ƙungiyarmu ta waya, daga can na samo. Na ce ya gyara min fuskata ta fito, don ni na yi jawabi. Ya sa a kwamfutarsa, ya ƙara girman hoton, ya daɗe yana kallo.

"Rabi, hancinki ba ya nan."

"Kamar yaya ba ya nan?"

"Ya zube a hanya. Ina jin tun a turawa ta biyu."

"To ba aikinka ba ke nan? Dawo da shi."

"Abin da aka matse aka zubar ba ya dawowa. Kuma tsakani da Allah, dama can ba wani mai yawa ba ne."

Na ɗauki wayata na fita, na yi sati ban bi ta ƙofar shagon ba. Shi kuwa ko a jikinsa, har aiko min da gaisuwa yake, wai yana yi wa hancina jaje.

Angwaye sun sha wahalarsa. Akwai wani daga ƙauyen Balan da ya matsa lallai a daren bikin a ba shi bidiyonsa cikakke, irin mai kyan nan da ake faɗa, ba ragagge ba. Sale bai yi musu ba. Washegari ya karɓi wayar angon, ya jona, ya fara zuba masa uwar. Ba a je ko'ina ba wayar ta cika ta ƙi motsi, abin da ya shiga kuma ya ƙi buɗuwa. Ango ya ce a cire. Sale ya cire, ya buɗe durowa ya ɗauko ƙaramin kwafin da ya riga ya haɗa tun da safe, ya zuba masa cikin ɗan lokaci.

"Ga ƙuli-ƙulinka, je ka raba wa abokai. Gyaɗar tana wurina."

"Me zan yi da gyaɗar, Malam Sale?"

"Kai ba abin da za ka yi da ita. Jikokinka nake ajiye wa."

Ajiyar nan ita ta cinye shi. Mutumin da riga ɗaya ta kai shi Sallah da yawa, wanda yake kashe babur a gangare don kada mai ya tafi a banza, shi ne ba ya shiga Kano ya dawo ba da sabon faifan ajiya ba, irin baƙaƙen akwatunan nan da ba su fi tafin hannu ba. Kuma bai yarda da faifai ɗaya ba. Kowace uwa sai ya yi mata kwafi biyu, ɗaya a shago a Gaya, ɗaya a Ajingi, wai gobara ba ta cin gari biyu rana ɗaya. Na Ajingin a ɗakin Gwaggo suke, cikin manyan kwallayenta na aure, ya naɗe kowanne da tsohon zane. Kwanukan da ke ciki ya fitar mata da su ya jera a ƙarƙashin gado.

Duk shekara bayan an cire gyaɗa sai ya hau babur ya tafi Ajingi da laftof a goye, wai zai je tashin faifai. Ya ce faifan da ya daɗe yana barci wata rana ba zai farka ba, don haka sai ya kunna kowanne ya ji ƙararsa, wanda ya fara tari ya juye shi cikin sabo. Ina can wata shekara ya shigo, ya yi sallama a tsaye, ya wuce kai tsaye wurin kwalla.

"Sale, ni ka zo gaisarwa ko 'ya'yanka na ƙarfe?" in ji Gwaggo.

"Inna, ke ai na ji muryarki, lafiyarki ƙalau. Su ne ba sa magana."

Ya ƙirga ya ga ɗaya babu. Aka shiga nema. Ashe Gwaggo ta ɗauke shi ta danne murfin tukunyar daddawa da shi, don kaji sun dame ta. Sale ya ɗauko shi da hannu biyu kamar jariri, ya shinshina, ya ce, "Inna, saukar karatun mutum nawa ce a nan ciki, kin sa ta gadin daddawa." Gwaggo ta ce ai gara da ya yi wani amfani, tunda shekara da shekaru yana kwance ba ya biyan haya.

Sai kuma maganar abinci. Kowa ya san Sale ba ya ci a bakin aiki. A kawo shinkafa, a kawo nama, ya ce hannu mai maiƙo ba ya taɓa kyamara. Har misali ake yi da shi a gidajen biki. Ranar jeren 'yata Zainab ya zo ɗaukar ɗakin amarya, ya kore mu duka waje, wai surutunmu yana girgiza masa hoto. Ga shi an ɗauke wuta, ɗakin ba haske sai ɗan na taga. Na leƙa na ce ya bari a tayar da janareta.

"Bar shi. Abin da idonki bai gani ba uwar tana riƙe da shi."

Ya turo ƙofa ya rufe. Da ya gama muka koma ciki, aka ga tiren alkakin da aka ajiye wa dangin ango ya yi rami a tsakiya. Aka tara yaran gidan aka yi musu faɗa, Sale ma ya tsaya ya sa baki, ya ce yaran yanzu ba su da ta ido.

Wannan ɗakin ne ya faɗo min a rai bayan alkawarin da na yi wa Gwaggo. Babban ɗansa Kabiru, wanda ya gaji shagon, ya riga ya tambayi duk wanda ya sani, ba a samu komai ba sai hula a kan fuska. Sai na tuna durowar Zainab tana da dogon madubi a jikinta, kuma duk mai ɗaukar gadon amarya dole madubin ya kalle shi. Na buɗe kwafin da ke wayata. Wurin madubin baƙi ne ƙirin, sai wasu 'yan murabba'ai suna motsi. Na nuna wa Kabiru, ya ce, "Gwaggo Rabi, wannan ai ƙuli-ƙuli ne," da muryar ubansa sak.

Ya nemo faifan shekarar a shago ya jona. Faifan ya yi ƙara kamar ana taunar tsakuwa, ya yi shiru. Ya sake gwadawa, bai tashi ba. A nan na ji tsoro na gaske, don Gwaggo ta tsufa, idonta kullum raguwa yake, kuma na riga na gaya mata ina jin an samu.

Ranar kasuwar Ajingi muka shiga mota da laftof. Gwaggo tana zaune a kan tabarma ta nuna mana kwallayen da sandarta, ta ce tun rasuwarsa ba ta bari ko ƙura ta hau su ba. Kabiru ya warware zannuwan ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga wanda muke nema. Ya jona. Wannan ya tashi lafiya lau.

Ga ɗakin Zainab, ga gado, ga jeren kwanuka, ga madubin can gefe cikin duhu. Kabiru ya tsayar da hoton, ya ƙara girman wurin, ya riƙa jan hasken sama a hankali. Duhun bai farfashe ba kamar na wayata. Sai ya riƙa washewa, aka fara ganin hula, sannan goshi, sannan rigar nan tasa da kowa ya sani. Sale ne tsaye, kyamara a hannun dama, ya manna ido a jikinta. Kabiru ya saki hoton ya ci gaba da tafiya. Muna kallo ɗaya hannun nasa ya sauka a hankali, ya lalubi tire, ya ɗauko alkaki ya kai baki. Ya tauna yana lumshe ido. Ya sake miƙa hannu.

Ni dariya ta ƙwace min, Kabiru ya dafe kai. Gwaggo kuwa ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe tana kallo.

"Da hagu, Sale?" ta ce. "Da hagu na koya maka ci?"

Daga nan ta sa yatsa ta shafa fuskarsa a jikin gilashin, ta ce wa Kabiru ya mayar baya. Ya mayar. Ta ce ya ƙara. Muka zauna har la'asar ana mayarwa, ita tana kallon ɗanta yana cin alkakin mutane, mu muna share hawaye. Da Kabiru ya ce zai rage mata shi ya zuba a waya don ta riƙa gani kullum, sai ta girgiza kai, ta ce a bar mata shi da mansa, in ya zo tashin faifai ya riƙa nuna mata.

Sale, ka ajiye wa mutane fuskokin iyayensu ba tare da sun roƙe ka ba, ka kuma ajiye wa Inna taka ba da saninka ba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya karɓi aikinka cikakke ba ragi. Allah ya ba Gwaggo haƙuri, ya bar mata sauran ganinta. Alkakin kuwa ni na yi shi, kuma na yafe.