Lamba Huɗu da Ƙafar Pak Rosli

Shekarar da aka buɗe gari bayan kullen korona ce, kuma ranar Lahadin nan ba ta taɓa fita daga raina ba. Ina rubuta wannan ne saboda ku sababbin da kuka karɓi rigar aiki bana.

Direban wani ɗan kasuwa ne ni a unguwar Cheras, nan ƙasar masu Malayanci. Asabar da Lahadi kuma ina aikin mashal a filin tseren motocin rimot da ke bayan Wangsa Maju. Masu motocin suna tsayawa can sama a kan dandamali da rimot a hannu. Mu kuma muna ƙasa, kowa da lambar wurin da yake tsaro, idan mota ta kife mu ɗaga ta mu mayar kan hanya. Mutane suna ganin abin wasa ne. Amma motar tana da nauyin rabin bulo, tana shan mai, salansarta na ƙuna, gudunta kuwa ya kai na babur a kan titi.

Pak Rosli, wani dattijo ɗan ƙasar, tsohon direban bas, shi ya koya mini ƙa'idojin. Ka duba inda motoci ke fitowa kafin ka sa ƙafa. Wadda ta fara kifewa ita za ka fara ɗagawa. Kada ka bar lambarka. Yakan ƙara da cewa, da "lah" ɗin nan tasu ta ƙarshen magana, "Masu ihun nan na sama, Sabo, ba ka da kunne a kansu lah."

A cikin masu tseren ranar akwai Malam Auwal, ɗalibin digiri na uku daga Kano. Shi ke koya mini karatu da rubutu duk Talata da Alhamis a ɗakinsa na Taman Melati, bai taɓa gajiya da ni ba. Ranar ce karo na farko da ya kai zagayen ƙarshe.

Bayan azahar aka fara. Ina lamba huɗu, Pak Rosli yana biyar, a bakin miƙaƙƙen layi inda motoci suka fi gudu. Wata koriyar mota ta kife a tsakiyar kwanata. Kusan tare da ita jar motar Malam Auwal ta kife can gaba, a yankin Pak Rosli. Na nufi koriyar ke nan sai na ji murya daga sama, da Hausa:

"Baba Sabo! Jar! Jar, don girman Allah!"

Wata tara ina wannan aiki, ana yi mini ihu da Malayanci da Turanci, ban taɓa waiwayawa ba. Ranar na waiwaya. Na bar koriyar, na tsallake shinge, na ɗaga motar malamina.

Pak Rosli ya ga koriyar a kwance motoci na tahowa, sai ya shiga wurina domin ya cike gurbin da na bari. Daga inda ya fito, dole ya ba motocin baya. Ɗaya ta same shi a idon sawu. Na ji ƙarar kafin in ga ya faɗi.

Shugaban tsere ya tsayar da komai. Da motar asibiti ta tafi ya tara mu, ya yi tambaya ɗaya: "Wa ke lamba huɗu?" Na ɗaga hannu. Ya ce in cire rigar, na cire.

Washegari muka je dubiya ni da Malam Auwal. A cikin jirgin ƙasa ya ce, "Baba, laifina ne, ni na kira ka."

Na ce, "Malam, kowa kira yake yi a can sama. Ni ne na amsa."

Pak Rosli ya dube ni daga kan gado ya ce, "Ka ci abinci?" Na ce a'a. Ya ce, "Je ka makan, ka ci abinci tukuna. Fuskar nan taka ta fi ƙafata ciwo." Bai taɓa tayar da maganar ba har yau.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, lambarka ba tsaron motoci kaɗai take yi ba, bayan maƙwabcinka take karewa. Idan ka sa rigar nan ba ka da ɗan gari.

Ni wata uku na yi babu riga. Malam Auwal ya sayar da motarsa, bai ƙara hawa dandamali ba. Pak Rosli ƙashi biyu suka karye masa, ya yi wata huɗu da sanda, bai dawo fili ba, kuma har yanzu a kan kujera yake sallah.