Tsakuwar da Kaka ya tsinta a titi



Kakanmu ya yi leburanci a filin jirgin Kano yana saurayi, lokacin da aka fara kawo jiragen yaƙi marasa farfela. Ya sha ba mu labarinsu a gidanmu na unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki. Hancinsu a buɗe yake kamar bakin tulu, iska suke zuƙa, in suka haɗiyi tsakuwa injin ya lalace, matuƙin ya halaka. Shi ya sa kafin jirgi ya tashi ake jera leburori, su bi titin a sunkuye suna tsince duwatsu. Yanzu tsufa ya ɗauke masa har sunayenmu, amma wannan aikin bai manta ba.

Yayana ya san haka sarai. Duk da haka, ran nan bayan la'asar ya haɗa wayarsa da babbar lasifika, wai abokansa su ji kukan jiragen farko da Jamusawa da Turawan Ingila suka ƙera. Ina kicin na ji gidan ya ɗauki ƙara. Da na leƙo, ba kowa a kan tabarmar Kaka, ƙofa a buɗe.

A tsakiyar titi na same shi, a sunkuye, yana cusa tsakuwa a aljihun jallabiya, ga tasi ta taho a guje. Ban san yadda na isa ba. Na dai fizgo shi, madubin motar ya doki kafaɗata, muka zube a gefe.

Wani abokin Yaya ya ɗaga waya yana ɗauka, yana dariya. "Alhaji, tsintar tsakuwa a Muzdalifa ai ta wuce, sai baɗi."

"Halas, shi ke nan, ba abin da ya faru," in ji Yaya. "Tarihi kawai nake nuna musu."

"Yaya, da motar nan ta taka shi, tarihin ne zai tashe shi?"

Ko kallona bai yi ba. Wai na faye ruɗewa.

Kaka ya damƙi hannuna, ya zuba mini tsakuwar. "Amarya, ce musu su dakata, ban gama ba. Yaron da ke cikin jirgin nan yana da uwa."

Na ce masa na gaya musu, sun dakata. Sannan ya yarda muka shiga gida.

Igiyar lasifikar kuwa na cire ta, tana ƙasan akwatina. Yaya ya yi ta nemanta, har ya kai ƙarata wurin Umma. Ya je ya kai.