Matar da Ke Zaune a Jar Kujera

A shekarar da aka yi kullen korona ina aiki a wani sito a unguwar Ras Al Khor, can ƙasar Larabawa, inda ake tara tsofaffin kayan otal a loda su a kwantena zuwa gida. A cikin kayan na tsinci hoton. Kwafi ne na zanen wani Bafaranshe da ya mutu shekaru sama da ɗari da suka wuce. Matarsa ce ya zana, zaune a jar kujera, ta haɗa hannuwa a cinya, fuskarta ba fara'a ba fushi, kuncinta da wani kore-kore. Manaja ya ce in ɗauka, khalas, wato shi ke nan. Na kai ɗakinmu na unguwar Abu Hail na jingina a kan firij.

Matata ta daɗe tana kallonsa. Na duba waya na gaya mata abin da na gani, cewa mutumin ya zana matar tasa sau da yawa, yakan zaunar da ita sa'o'i ba motsi.

"Yaya, matar nan ba ta da lafiya," in ji ta. "Kullum yana kallonta, amma bai gani ba."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Da aka rufe gari, muka wuni tare a ɗaki ɗaya mako bayan mako. Titi shiru, sai jiniyar motar asibiti. Ta rage ci, ta ce zafi ne. Takan zauna bakin taga, hannuwanta a kan ciki, har a kira la'asar ba ta canza zama ba. Na ɗauka kewar gida ce. Wata rana da hantsi ta miƙa mini shayi, awarwaronta ya zame ya faɗi ƙasa da kansa.

Likitar da ta duba ta, 'yar Sudan, ta tambaye ni tun yaushe. Na ce kwana biyu ne.

"Tun kafin azumi," in ji matata, ba ta dube ni ba.

Ƙari ne a cikinta. An yi aiki, an cire. Jirage ba sa tashi, Hajiyarta ba ta samu zuwa ba, ni na koyi dama kunu ta waya. Matata ta samu sauƙi, amma likita ta ce mu riƙa komawa duk wata shida. Har yau idan ranar ta matso, ba ma yawan magana a gidan.