Mai Kallon Butar Shayi a Tashar Wudil

Yau Juma'a, tashar Wudil cike take da sababbin motoci da masu komawa daga kara, kasuwar shanu. A bencin mai shayi wani mutum na zaune cikin kwat mai kauri irin ta ƙasar sanyi, wuyanta jiƙe da gumi. Shayinsa ya huce, idonsa na kan butar da ke tafasa.

"Malam, lafiya dai?" in ji mai shayi.

"Lafiya lau. Ka san cibiyar ƙwayar zarra kamar ɗigon ruwa take? In ta sha zafi, ita ma tafasa take yi ta zama tururi. Akwai wani zafin da in aka wuce shi, ba ka bambance ruwan da tururin. Shekara shida na yi a Turai ina lissafinsa."

"To, ka gano shi?"

"Saura ƙiris aka kira ni gida. Yanzu takardun siminti nake sa wa hannu a ma'aikata."

Daga yadda ya faɗa, da alama ya daɗe bai sami mai tambayarsa ba.

"Allah sarki," in ji mai shayi, ya sauke butar don kada ruwansa ya ƙone.

Mutumin bai ɗauke ido daga murhun ba.