Jan Man Da Na Rage Da Hannuna

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube, amma yinin da na yi ni kaɗai a hanyar Goronyo da motar Bature, wannan kam sai dai in shiga kabari da shi.

Lokacin saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Ina direban Baturen gona a Sakkwato, motar kuwa wata a-kori-kura ce da ba ta da kuloci, ita ke canza giya da kanta. Duk lardin ban san mai irinta ba, kaina ya kumbura har hula ta so ta ƙi shiga. Direbobin tasha suna ce mini direban ƙafa ɗaya, ni kuma na daina zama cikinsu. Daga ni sai sitiyari.

Ubangidana na farko, wanda muke kira Baba, shi ya koya mini tuƙi a tsohuwar babbar motarsa. Wata rana ya tsokane ni a gaban mutane, ya ce wannan mota ko jaki aka ɗora zai tuƙa ta. Wasa yake yi. Ni kuwa na buɗe baki na ce masa zamaninsu ya wuce. Mutumin da na ci tuwon gidansa shekara bakwai! Ya kaɗe rigarsa ya tafi. Daga baya ya bar tuƙi ya koma garinsu Goronyo, shekara biyu ban taka na gaishe shi ba.

Bature ya tafi hutu ƙasarsu, ya bar mini saƙon kai irin shinkafa Goronyo, ina ta ɗaga ranar don kunyar garin. Sai wani direba ya tare ni da yamma a bakin kasuwa ya ce, "Baba na kwance hwa, jiki ya yi tsanani. Kai yaka tambaya." Nan take na ƙudura ko me zai faru sai na durƙusa gabansa na nemi gafara tun yana ji.

Washegari bayan sallar asuba na duba ruwa, na duba baƙin mai, duk kafin in tayar da inji, don Baba ya koya mana mota da sanyinta ake gwada ta. Sai idona ya kai kan sandar gwajin man giya. Ita wannan, Bature ke duba ta da kansa, ban taɓa tambayarsa ba, kada ya ce direbansa bai sani ba. Na zaro ta, na ga jan mai ya haura alama da kusan yatsa uku. A karatunmu kuwa, mai in ya wuce alama ɓarna yake yi. Na shiga ƙarƙashi, na sassauta noti, na tara galan, na rage har ya dawo daidai. Na jefa galan ɗin a baya, ɗan talaka ba ya zubar da mai. Na fito ina yaba wa kaina.

Lafiya lau muka fita gari. Sai da na wuce mararrabar Wurno, rana ta fara zafi, mota ta soma sabon hali. In taka totur, inji ya yi ta kuka ita kuwa tana jan ciki, can sai ta fizga har buhunan irin shinkafar su kifa. Ta hau giya, ta sauko, ta sake hawa, ba wanda ya aike ta. Ƙafata ta hagu sai laluben kuloci take yi a inda babu. A wani ɗan hawa mai rairayi ta tsaya cak, inji na ruri, taya ko motsi.

Na yi duk abin da na sani. Na kwance fulogogi na goge, na busa bututun fetur, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Na kashe ta, na jira ta huce, na gwada man giya, yana nan daidai kan alama. In ta huce takan ɗan tafi, ba nisa sai ta koma gidan jiya. Haka muka yi ta yi har azahar ta gota. Ba kowa a wurin, sai shanu can nesa cikin fadama. Barinta a daji in taka da ƙafa, gidan yari ke nan, ga Goronyo da sauran tafiya.

Wata babbar mota ta taho daga gaba da lodin albasa za ta Sakkwato. Direban, ɗaya daga waɗanda na daina gaisarwa, ya tsaya ya leƙo.

"Mi yas same ta?"

Na faɗa masa. Ya sauko ya dubi cikin, ya girgiza kai. "Wallahi da giyar hannu ta, da yanzu mun kwance ta. Wagga kau ba mu san cikinta ba. Kai ɗai ka sanin ta." Ba gatse yake yi ba, shi ya sa ta fi yi mini ciwo. Ya bar mini ruwa a gora ya wuce. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, na zauna a gindin taya na yi hawaye.

Da na tashi, batir ya fara rauni, don haka da ta kama na ji tsoron sake kashe ta. Ina tsaye inji na aiki, hannuna ya kai kan sandar nan don rashin abin yi. Na zaro, sai na gan ta kusan a bushe, ɗan ja kaɗan a bakinta. Na goge na sake turawa, haka dai. Ashe in inji na aiki, yakan zuƙe man ya hau da shi sama, abin da ya rage a ƙasa shi ne gwajin gaskiya. A nan na tuna kullum Bature da inji a kunne yake dubawa, ni ina gefe ina yi masa kallon wanda bai iya ba. Na ɗauko galan, na naɗe takarda na yi mazurari, na mayar da man a hankali. Na shiga na taka, ta ɗauka sumul, ta bi giyoyinta ɗaya bayan ɗaya kamar ba ita ba.

Na shiga Goronyo bayan la'asar. Tun daga bakin unguwa na haɗu da maza suna dawowa a jere, ɗaya riƙe da makara ba kowa a ciki. Nan na gane Baba suka kai.

Matarsa, wadda muke kira Inna, tana zaune kan tabarma a tsakar gida. Na durƙusa a gabanta. Ita ta fara magana.

"Ɗana, tun hantsi yaka sauraren hanya. Duk motad da taw wuce sai shi ce, ba shi na ba, wanga ya taka kuloci."

Na ce, "Inna, ya ce ya yahe min?"

Ta ce, "Ba ni yi maka ƙarya. Bai hwaɗi ba. Jiranka dai ya yi."

Na yi shekara talatin ina tuƙi bayan wannan, ban sake jin kunyar cewa ban sani ba, ko a gaban wa. Amma ba motar nake zargi ba, ba ma man ba. Yini ɗaya kawai suka ci mini. Shekara biyun da suka gabata, hanya a buɗe, mota lafiya lau, ni na cinye su da kaina. Wanda duk yake da gafarar da zai nema, ya tafi yau, tun mai yafewar yana iya amsawa.